Ciwon Kaba: Wace Raga Ce Ta Fi?

Jawabinmu na wannan wata a kan ciwon kaba ne, wanda ke raba magidanta da yawa da fartanya.

Kaba tana samuwa ne idan naman ciki ya yi rauni a matsematsi, hanji ya turo ta wurin, sai a ga kumburi. Wani lokaci har ya sauka cikin maraina. Ta fi kama maza. Kusan namiji 1 cikin 4 yakan yi ta a rayuwarsa. Jiƙo ko ɗaure wurin da ƙyalle ba ya warkar da ita. Maganinta tiyata.

A da likita yakan ɗinke wurin da zare kawai, kuma takan dawo wa wasu. A shekarun 1980 wani likita a Amurka, mai suna Lichtenstein, ya yaɗa dabarar shimfiɗa ragar roba a wurin, kamar yadda ake yi wa buhu faci. Nama ya tsiro ya kama ragar, wurin ya yi ƙarfi.

Ragar iri-iri ce. Akwai mai kauri mai ƙananan idanu. Akwai marar nauyi mai manyan idanu. Wajen hana kaba dawowa, kusan ɗaya suke. Amma marar nauyi ta fi sauƙi a jiki, ba a cika jin ta ba bayan an warke.

Ta uku ita ce mai araha, wadda ake yankowa daga gidan sauro. A shekarar 2016 aka bayyana sakamakon gwajin da aka yi wa maza 302 a Uganda. An sa wa rabi ragar kamfani, rabi kuma ta gidan sauro. Bayan shekara guda ba a ga wani bambancin kirki ba, alhali kuɗinsu ba ko kusa.

Amma a kula. Ba gidan sauron da muke kwana ciki ba ne, mai magani. Likitoci ne ke zaɓen irin da ya dace, su kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa.

Saboda haka, mai kaba ya tafi asibiti tun tana ƙarama. Ya tambayi likita wace raga za a sa masa, kuma nawa ne kuɗinta. In kumburin ya yi tauri ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, hanji ne ya shaƙe. Kada a jira gari ya waye, a nufi asibiti nan take.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.