AMARYAR TOKA: FUREN DA KE BAYAN MAKARANTARMU

(Jawabin da ɗaya daga cikinmu, malamin gona, ya gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai a Kende)

 

Shugaban wannan taro, Shugaban Ƙungiya da 'yan kwamitinsa, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai, waɗanda ke raye Allah Ya ƙara musu lafiya, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya Allah Ya jiƙansu, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, barkanmu da sake saduwa.

Da Sakatare ya aiko mini cewa an ba ni lokaci in yi magana, na san abin da ake zato zan kawo: taki, ko irin shinkafa, ko kuwa farashin buhu a kasuwa, tun da aikin da na yi shekara ashirin da 'yan kai ina yi ke nan. To, sai ku yi mini haƙuri. Yau a kan fure zan yi magana, furen da ba a ci, ba a sayarwa. Amma kafin in zauna za ku ga inda ya haɗu da shawarar da kwamiti ya kawo mana ɗazu da safe, watau ta noma filin da ke bayan makaranta.

A bazarar da ta biyo bayan ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, muna aji uku, aka kama mu mu huɗu mun sulale gari ba izini, don gudun gabza. Biyu daga cikin abokan laifin nawa ga su can a layin gaba sun sha babbar riga, ba zan nuna su ba. Hukuncinmu shi ne a ba mu langalanga mu je mu share bayan ɗakunan kwana. Gobara ta riga ta bi wurin tun cikin hunturu, ƙasa baƙi ƙirin, ba abin da ya rage sai kututturan gamba da itatuwan kaɗanya. A tsakiyar wannan toka sai ga waɗansu karare tsaye, tsawonsu ya kusa ƙuguna, ba ganye ko ɗaya, amma kowanne ya jera furanni masu ruwan hoda, leɓensu na ƙasa ya fi duhu kamar an tsoma shi a garura. Ni dai ban tsaya kallo ba, na kai sara, biyu suka faɗi.

Sai na ji an ce, "Kai! Tsaya nan!" Ashe Malaminmu na Bayoloji ne ya biyo ta wurin a kan kekensa. Ya ce, "Me ta yi maka?" Na ce, "Malam, ai ciyawa ce." Ya ce, "Ciyawa? To, nuna mini ganyenta." Na duba, na rasa. Ya sa muka samo tsinke muka tona gefen gindin ɗaya a hankali, sai ga waɗansu abubuwa kamar dankali a jere, kowanne manne da ɗan'uwansa. Ya ce mu ƙirga, muka sami bakwai. Ya ce, "Duk shekara ɗaya take ƙarawa. Ta riga ku zuwa makarantar nan. Ku mayar da ƙasar yadda kuka same ta." A nan ne ɗayanmu, wanda bakinsa ba ya shiru har yau, ya ce wannan ai amarya ce ta fito cikin toka. Sunan ya bi ta, ajinmu duka Amaryar Toka muke ce mata. Malam, ga ka zaune, Allah Ya saka da alheri. Ranar ba ka yi mana bulala ba, amma ban manta ba.

Sunanta a littattafan masana tsirrai Eulophia cristata. Tana cikin dangin da Turawa ke kira okid, dangi ne babba ƙwarai mai iri kusan 28,000 a duniya. Yawancinsu a kan itatuwa suke maƙalewa a ƙasashe masu ruwa da yawa, har da wanda ake samun ƙamshin banila daga gare shi. Tamu kuwa 'yar ƙasa ce, a dajin ciyawa take, ana samunta tun daga Sanagal har zuwa Habasha. Wani Bature ɗan ƙasar Siwidin mai suna Adam Afzelius, wanda ya yi tattara tsirrai a Saliyo cikin shekarun 1790, shi ya fara raɗa mata suna, sa'an nan a 1840 aka tabbatar mata da wanda take amsawa yanzu. Abin sha'awa, itacen kawo da muka sani, sunan wannan mutum yake ɗauke da shi a littafi, watau Afzelia africana.

Tsarin rayuwarta ya bi shekararmu ta nan sau da ƙafa. Da bazara, kafin ruwan farko, ta fito da fure tsirara, da abincin da ta tara bara take wannan hidima. In damina ta sauka sai ganye ya fito, dogo mai ninki-ninki kamar na ƙaramar giginya, ya ɓace cikin ciyawa, ba mai kula da shi. Da wannan ganye take cika sabon dankali. Kaka na yi sai ganyen ya bushe, ta kwanta a ƙarƙashin ƙasa wata da watanni. Saboda haka gobarar farkon rani ba ta cutar da ita, sai ma ta share mata fage. Wutar da ke yi mata ɓarna ita ce ta makara, wadda ke zuwa bayan karan ya ɓullo.

Akwai wani ƙaton kudan zuma mai gurnani, wanda ke huda azara da busasshen itace ya yi gida. Shi ne mai ɗaukar mata garin barbara daga fure zuwa fure, kamar yadda waɗansu masana biyu, Lock da Profita, suka bayyana a 1975 bayan binciken da suka yi a kudancin Gana. Garin nata ba warwatse yake ba irin na masara, a dunƙule yake, sai ya manne wa kudan a jiki ya tafi da shi. Kuma ba ta ba shi zuma ko ɗigo, kwalliya kawai take yaudararsa da ita. Shi ya sa kaɗan ne daga cikin furannin ke yin ƙwanso.

To, a wajen iri ne maganar take, ina roƙon ku ba ni hankalinku. In ka fasa ƙwayar masara ko gero za ka ga gari a ciki, guzuri ne da uwa ta ɗaure wa ɗanta har ya yi saiwa. Irin okid ba shi da wannan guzuri. Ƙwanso guda na ɗauke da dubbai, kowanne kamar ƙura, iska ke watsa su. Ba zai tsiro ba sai ya faɗa inda akwai wata irin fumfuna ta cikin ƙasa, dangin laimar kwaɗi, wadda za ta shiga jikinsa ta ciyar da shi har ya iya tsayawa da kansa. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya gano haka a 1899. A 1922 wani Ba'amurke, Lewis Knudson, ya nuna ana iya tsirar da irin a cikin kwalba da sukari da waɗansu sinadarai, amma wannan aikin ɗakin bincike ne, ba na bayan makarantarmu ba. A daji, daga ƙura zuwa fure shekaru ne. Watau ba tsiron kaɗai ke da muhimmanci ba, har da ƙasar da yake ciki da abin da ke cikinta.

Na san wani zai ce, to a tone ta mana a mayar da ita gaban ofishin Shugaban Makaranta, a zagaye da bulo. Na riga ku gwadawa. Farkon kama aikina na zo hutu, na saɓa wa maganar Malam, na tono jeri guda na tafi da shi birni, na dasa a bokiti da ƙasar lambu da taki. Da damina ta yi ganye, na yi ta murna. Da ganyen ya bushe sai na ɗauka ƙishi ne, na dinga ba ta ruwa safe da yamma. Lokacin da take son a ƙyale ta ta yi barci a busasshiyar ƙasa, ni kuwa ina ta jiƙa ta. Da bazara ta zo na tona, sai ruɓaɓɓen abu mai wari. Ramin da na bari a baya kuma bai sake fure ba.

Wannan laifina ne ƙarami. Babban shi ne na aiki. Shekaru na yi ina bin ƙauyuka ina gaya wa manoma su kawo tarakta, su yi feshin maganin ciyawa, su daina barin saura. Ban yi da-na-sanin cewa jama'a sun sami abinci ba, kuma kowa ya ga yadda noma ya bunƙasa a jihar nan, musamman bayan shirin ba manoma rance da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Amma gaskiya a faɗe ta: fartanyar kakanninmu sama-sama take bi, kuma sukan bar gona ta huta shekaru. Garmar tarakta kuwa juya ƙasa take ta baje dankalin a rana, feshi kuma ya ƙone ganyen a daidai lokacin da yake tara abinci. Ga masu gawayi sun bi ƙirya, masu katako sun bi madobiya, har sai da aka sa madobiya cikin itatuwan da ake sa ido kan cinikinsu tsakanin ƙasashe daga 2017. Muna yara, in ka tsallake Kwara ka nufi Ka'oje da bazara, za ka riƙa hango wannan fure a gefen hanya cikin maje da taura. Yanzu sai ka sauka daga mota ka nema.

A da nakan ce wa kaina ai tana nan da yawa a tsallaken iyaka. Gaskiya ne, wata shekara na bi ta Tsamiya zuwa Segbana a Jamhuriyar Benin, ƙasar da iyayenmu ke kira Dahome, na gan ta a bakin daji fiye da yadda na saba gani a nan, don suna da dazuzzukan gwamnati da aka keɓe. Sai dai yankin Alibori shi ne cibiyar audugarsu, kuma auduga ba ta rabuwa da garma da feshi. Abin da ya ci tamu yana bin tasu.

Duniya ba ta ɗauki wannan dangi da wasa ba. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ke ciki, ta sa dukkan okid cikin abubuwan da ba a fitar da su daga ƙasa sai da izini. A Zambiya ana tonon dankalin waɗansu irinsu ana yin abincin da suke kira cikanda, har tonon ya tsallaka Tanzaniya, inda a 2005 aka mai da tudun Kitulo gandun ƙasa, musamman saboda furanni. Mu a nan ba cin ta muke yi ba, wurin zamanta muke ci.

Yanzu ga roƙona. Ina goyon bayan shawarar kwamiti ɗari bisa ɗari. A noma filin, yara su sami abinci, ni ma zan ba da iri da shawara kyauta. Amma kwamiti ya auna filin ne cikin hunturu, lokacin da ba a ganin komai sai busasshiyar ciyawa, ba laifinsu ba ne. Ni na zo a watan Afrilun da ya wuce, na ƙirga kara 14 a kusurwar da ke tsakanin kaɗanyoyin nan uku, daidai inda aka yi mana horo. Ina roƙon a cire wannan kusurwa, taku 50 a tsaye, taku 50 a kwance. Kada tarakta ta shiga, kada a yi feshi, kuma a bar busasshen itacen da ke wurin saboda kudan nan. Abin da za mu rasa 'yan buhuna kaɗan ne a shekara, na yi alkawarin biyan su daga aljihuna, tare da kuɗin turaku da waya.

Ba a buƙatar ban ruwa ko taki. Abin da take so shi ne a rage mata ciyawa sau ɗaya a shekara, wajen watan Disamba. Ba zan ba da shawarar sa wuta kusa da ɗakunan kwana ba, langalanga ta isa, kuma na tabbata Shugaban Makaranta ba zai rasa yara huɗu da suka sulale gari ba. Malamin Bayoloji na yanzu kuwa ya sami ajin da ba a gina da siminti ba: yara su ƙirga karare duk bazara su rubuta a littafi, mu kuma a karanto mana a taro irin wannan.

Na riga na jera duwatsu masu farin fenti a kusurwoyi huɗu na wurin. Bayan sallar La'asar, duk mai so ya biyo ni mu je, har da Malam in ƙafa ta yarda, akwai mota. Ina gaya muku tun yanzu ba za ku ga fure ba, sai bazara. Sakatare, don Allah a sa wannan roƙo cikin abin da za a jefa wa ƙuri'a kafin a tashi.