Tsaftar Baki Ga Masu Waya Da Masu Dashen Haƙori



Batun da za mu taɓo ya shafi mutane iri biyu da ke ƙara yawa a cikinmu, watau waɗanda likita ya ɗaura wa waya don daidaita jerin haƙora, da waɗanda aka yi wa dashen haƙori a gurbin wanda ya fita. Sau da yawa sukan zaci da an biya kuɗi an fito daga asibiti magana ta ƙare, alhali kuwa babban aikin yana hannun mai bakin.

Abokin gabarmu shi ne dauɗar nan mai yauƙi da ke kwanciya a kan haƙori. Wanda ya kankare ta da farce zai ɗauka guntun abinci ne, amma tarin ƙwayoyin cuta ne masu rai. Tun a 1683 wani mutumin Holan, Leeuwenhoek, ya duba ta da madubin ƙara girma ya ga ƙananan halittu suna motsi. Waɗannan ƙwayoyi suna cin sukarin da muka sha, su fid da tsami mai cin farin ɓawon haƙori. Idan aka bar dauɗar ta daɗe, sai ma'adinan yawu su sandarar da ita ta zama kamar dutse, wanda buroshi ba ya iya cirewa sai likita ya kankare.

A 1965 Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Danmak suka sa wasu masu lafiyayyen baki su daina goge haƙora. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura, da suka koma ga gogewa kuwa sai ya warke cikin kimanin mako guda. Ashe ciwon da maganinsa duk suna hannunmu.

To, mai waya fa? Kowane ɗan ƙarfe da aka manna a haƙori ya zama maɓoya ga dauɗa, wurin da harshe da yawu ba sa iya sharewa. Cikin wata guda farin tabo yana iya fitowa a gefen ƙarfen, wanda shi ne mafarin ruɓewa. Yawanci akan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da wayar. Abin takaici ne mutum ya jure duk wannan, ranar cirewa ya ga haƙora sun miƙe amma sun cika da tabo.

Shi kuwa dashe, tushensa binciken wani likitan Suwidin ne, Brånemark, wanda ya lura ƙashi yana manne wa ƙarfen taitaniyam gam, har ya yi wa mutum na farko dashe a 1965. Gaskiya ne ƙarfe ba ya kogo, amma dasashi da ƙashin da ke riƙe da shi suna kamuwa. Haƙorin asali yana da wasu zaruruwa da suka ɗaure shi da ƙashi suna ba shi kariya. Dashe ba shi da su. Saboda haka kumburi kan gangara ya ci ƙashi, sau da yawa ba tare da zafi ba, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shan taba da ciwon sukarin da ba a kula da shi ba suna ƙara wannan haɗari.

Abin yi ba shi da wuya, naci kawai yake bukata. Mu goge baki sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, musamman kafin barci, domin yawu yana raguwa da dare. A sami buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, a karkata buroshin wajen da haƙori ya haɗu da dasashi. Mai waya ya bi saman ƙarfen da ƙasansa. Bayan an gama a tofar, kada a kurkure da ruwa nan take, don maganin ya zauna. Tsakanin haƙora, da ƙarƙashin waya, da kewayen dashe, sai da ɗan siririn buroshi ko zaren sakace sau ɗaya a rana. A canja buroshi duk wata uku, ko da zarar gashinsa ya baje.

Asuwaki da muka gada yana da amfani ƙwarai wajen share dauɗa, sai dai ba ya shiga ƙarƙashin waya, don haka a haɗa shi da buroshi. Mai waya ya haƙura da rake, da aya, da tauna ƙashi, da cingam, domin suna ɓalle ƙarfe. Game da zaƙi kuwa, yawan maimaita shi ya fi yawansa ɓarna: wanda ya yini yana kurɓar lemon kwalba a ɗakin karatu ya bar haƙoransa cikin tsami tun safe har yamma.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, jinin da ke fitowa wajen gogewa alama ce ta kumburi, kuma daina goge wurin ƙara shi yake yi. Idan jinin ya wuce mako biyu, ko aka ga ruwan ƙurji, ko dashe ya fara motsi, a garzaya wurin likitan haƙori, kada kuma a saɓa ranar da ya sa a koma. Mu da muka sami ilmi, wajibi ne mu isar da wannan ga ƙannenmu da iyayenmu idan mun je hutu.