Jawabin Buɗe Filin Ƙwallon Haɗaka na Yara Masu Jinkirin Fahimta

Mai girma Hakimi, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da kuka cika wannan rumfa tun hantsi, da ku 'yan wasanmu, assalamu alaikum.

A garin nan akwai yaran da sai su shekara goma maƙwabta ba su san fuskarsu ba. Ba ƙiyayya ce ta sa aka ɓoye su ba. Uwa ce ta gaji da jin ana kiran ɗanta dolo ko gaula a bakin famfo, sai ta ja ƙyaure ta rufe. Wani ya ce aljanu ne, wani ya ce taɓin hankali ne, alhali jinkirin fahimta abu ne daban: yaro ne da yake koyo sannu a hankali, amma yana koyo. Na shekara ina zaga gidajenku kafin a yarda a ba ni yaran nan, kuma ban ga laifin kowace uwa ba.

Wata baiwar Allah a Amurka, Eunice Kennedy Shriver, ƙanwar shugaba John Kennedy, ta san wannan ciwon tun daga cikin gida, domin yayarta Rosemary tana da irin wannan larura. A 1962 ta buɗe farfajiyar gidanta a jihar Maryland, ta tara yara suna gudu suna ninkaya. Ranar 20 ga Yuli, 1968, 'yan wasa kimanin 1,000 daga Amurka da Kanada suka hallara a birnin Shikago, aka yi gasar Special Olympics ta farko. Da aka yi ta duniya a Balin ta Jamus a 2023, har da tutar Najeriya a filin.

Abin da muka ɗauko daga Special Olympics shi ne wasan haɗaka. Idan 'yan wasa biyar ne a gefe, uku masu larura, biyu abokan wasa marasa ita, riga iri ɗaya, raga ɗaya. Ana kuma haɗa ƙungiyoyi gwargwadon shekaru da ƙarfi, don kada a kara da wanda ya fi ƙarfinka nesa ba kusa ba.

A nan nake da magana da ku, samari abokan wasa. Kada in ga mai tsaron gida ya kauce da gangan don yaro ya ci ƙwallo. Wallahi suna ganewa, kuma yana yi musu zafi fiye da faɗuwa. Kada kuma ka riƙe ƙwallo kai kaɗai kana nuna gwaninta. Ka miƙa masa, ka kira sunansa, in ya ɓarar ka sake miƙa masa. Ranar da ka gan shi a kasuwa, ka tsaya ku gaisa a gaban abokanka.

Kafin kowa ya sa takalmi, likita zai duba shi. Masu larurar Down musamman, a kan sami wasu da matsalar zuciya ko raunin gaɓar wuya, saboda haka ba za su sa wa ƙwallo kai ba sai likita ya amince.

Ranka ya daɗe, tun watan Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a ƙasar nan. Muna roƙon ka umarci masu unguwanni su taya mu neman yaran da har yanzu suke bayan ƙyaure, musamman 'yan mata, waɗanda muka ware musu ranarsu da malamarsu. Ku kuma iyaye maza, na ƙirga ku a rumfar nan, ba ku kai rabin matan ba. Ranar Asabar bayan la'asar muna jiranku a bakin layi, domin yaro idan ya buga ƙwallo, mahaifinsa yake fara waiwaya ya nema.

Da sunan Allah, da izinin mai girma Hakimi, na buɗe wannan fili. Alƙalin wasa, ga yaranmu nan, a busa usur.