Hukuncin Likita da Alƙalamin Malami

Shugaban taro, 'yan'uwa malamai na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa.

Mun san ɗacin a umarci malami ya ƙara wa ɗan wani maki. Likita ma yakan gamu da irin wannan matsi, sai dai shi rai ne a hannunsa. Tun 1963 doka ta kafa majalisar likitoci da daga baya ta zama MDCN, inda likitoci ke ba ɗan'uwansu lasisi, su kuma ladabtar da shi in ya keta ƙa'ida, kamar yadda aka kafa mana TRCN a 1993.

Kasafi da gini da albashi na hukumar asibiti ne. Amma wanda za a kwantar, da maganin da za a rubuta, da ranar sallama ko tura majinyaci Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, hukuncin likita ne, kuma takwarorinsa ne za su bi diddiginsa.

Iyalanmu ne ke jinya a asibitocin nan. Duk inda mai uwa a gindin murhu ya fi likita iko da gado, talaka ne zai kwana a ƙasa. Saboda haka mu mara wa likitoci baya a kan wannan 'yanci.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya.