Makarantar Fastoci: Jiya da Yau



Kalmar nan seminari da muke ji ta fito ne daga harshen Latin, ma'anarta wurin renon iri kafin a dasa shi a gona. A shekarar 1563 babban taron Katolika a Trent, ƙasar Italiya, ya umarci bishop-bishop su buɗe irin wannan makaranta, domin firistoci da yawa a lokacin ba su da isasshen ilimi.

A ƙasarmu abin ya fara da ƙanƙanta. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A 1934 mishan na SUM suka buɗe makaranta a Gindiri. Bukatar wancan zamani ita ce mai bishara wanda ya iya karatu, ya koma ƙauye ya koya wa mutane, ya kuma ci daga gonarsa. Da ikkilisiyoyi suka fara tsayawa da ƙafarsu, sai bukata ta canja. Aka buɗe TCNN a 1959, wadda take Bukuru, da JETS a Jos a 1980, domin 'yan ƙasa su riƙe shugabanci, su kuma koyar da tauhidi da kansu.

Yau kayan da fasto yake ɗauka sun ƙaru. A 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, har ɗaliban makarantar Kulp ta EYN suka watse. Wanda ya yi kiwon masu gudun hijira ya san wa'azin Lahadi kaɗai bai isa ba. Gwauruwa za ta zo da kukanta, manomi da makiyayi su zo da rikicinsu. Shi ya sa makarantu da dama suka ƙara darussan sulhu da ba da shawara ga masu baƙin ciki.

To, ina namu hannun? Mukan aika ɗalibi da addu'a, sa'an nan mu manta da shi shekara uku ko huɗu. In ya gama ya nemi birni, sai mu yi gunaguni. Ina roƙo, a kakar bana kowane gida ya ware mudu ɗaya na hatsi domin ɗalibinmu da iyalinsa. In ya zo hutu, dattawa su zauna da shi, su faɗa masa abin da yake damun garin, ya koma da tambayoyin wurin malamansa.

Ubangiji ya sa mana albarka. Amin.