Darasin Yaƙi da Jahilci: Kalmar "Tashi" da Ma'anoninta

Muna gaida ɗaliban makarantun yaƙi da jahilci, maza da mata, musamman na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, tare da malamansu. Kowa ya gyara zama, ya jawo allo da alli kusa.

Yau kalma ɗaya za mu ɗauka, watau "tashi". Gaɓa biyu gare ta: ta, shi. Harufanta huɗu ne: t, a, sh, i. Ku tuna, s da h in sun haɗu baƙi ɗaya ne. Rubuta ta ba wuya, amma ma'anoninta suna da yawa. In kuna magana baki da baki, wanda bai gane ba sai ya tambaya. Takarda kuwa ba ta amsa tambaya.

Ma'ana ta farko kowa ya san ta. Wanda ke zaune ya tashi tsaye, mai barci ya tashi da asuba, tsuntsu ya tashi sama. Yaro ma in ya girma a wani gari, sai a ce can ya tashi. Daga nan aka sami matashi da matasa.

Ta biyu ita ce barin wuri. Mota ta tashi daga Cadawa. An tashi daga aiki. Gari ɗungum ma yakan tashi. Bayan faɗuwar birnin Alƙalawa a 1808, Gobirawa sun tashi daga can, suka zauna wurare dabam dabam, har suka kafa Tsibiri wajen 1836, garin da ke cikin gundumar Gidan Rumji a yau. Haka kuma a 1945, da ruwan gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi, mutane suka tashi daga fadama suka hau tudu.

Ta uku ita ce ɓarkewar abu. Gobara ta tashi, faɗa ya tashi, tsohon ciwo ya tashi. Hankali ma yakan tashi, Allah ya kiyashe mu.

Ta huɗu ta kuɗi ce. In aka ce hatsi ya tashi, ana nufin ya yi tsada. Manya ba su manta watan Janairu 1994 ba, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi, kayan waje suka tashi. Mutanen jihar Maraɗi kuma ba su manta 2005 ba, shekarar da hatsi ya yi tashin gwauron zabi. Akwai kuma tashi na lissafi. Ka sayi tiya 10, kowace dala 100, ka ce wa mai awo: "Nawa ya tashi?" Sai ya ce jikka 5. Nan ba tsada ake nufi ba, jimla ce.

To, ga inda hatsarin yake. A ce ɗan'uwanka ya aiko maka da saƙo ta salula daga Gazawa, ya rubuta: "Kasuwar hatsi ta tashi." Kai ka ɗauka hatsi ya yi kuɗi, ka buɗe rumbu, ka ɗaure wa amalanke kaya, ka kama hanya. Shi kuwa nufinsa kasuwa ta watse, kowa ya koma gida. Ka yi asarar wuni, ka wahalar da dabba a banza. Laifin na marubuci ne. In tsada yake nufi, ya rubuta: "Hatsi ya tashi, tiya ta kai dala kaza." In watsewa ce, ya rubuta: "An tashi daga kasuwa." Ƙarin kalma biyu ko uku ya fi asara.

Ku lura da ƴan'uwan wannan kalma. "Taso" na nuna abin yana zuwa wajen mai magana. In ka rubuta wa wani a Agiye cewa baƙo ya tashi daga Gidan Rumji, ba ka faɗi inda ya nufa ba. Shi kuwa mutumin Agiye in ya ce baƙo ya taso, to ana jiransa ke nan, a ɗora tukunya. Sai "ta da". Mutum da kansa yake tashi, amma wani ke ta da shi. Uwa ta ta da yaro, direba ya ta da mota. Amma "tasha", inda ake shiga mota, ba ƴar gidan nan ba ce. Daga Ingilishi aka aro ta.

A Hausarmu ta nan mukan ce: "Gonar nan tashi ce," watau shi ke da ita. Wannan wata kalma ce dabam, ko da yake faɗi ɗaya, rubutu ɗaya. Jimla ce kaɗai ke raba su, saboda haka kada ka yanke ma'ana sai ka karanta har aya.

Da yake muna maƙwabtaka da Najeriya, takardun Ingilishi na faɗowa hannunmu. Su ma suna da wannan rarrabewa. "Rise" shi ne tashi, "raise" shi ne ta da, kamar yadda Faransanci ya raba "se lever" da "lever". Suna da "arise" kuma, wanda suka fi sawa in matsala ta taso ko in ana kiran jama'a su tashi tsaye. Da wannan kalma taken ƙasar Najeriya na 1978 zuwa 2024 ya fara. Amma kada ku juya magana kalma da kalma. Bature na cewa rana ta tashi, Bahaushe kuwa cewa yake rana ta fito.

Yanzu aikinku. Ku rubuta waɗannan jimloli uku:

Mota ta tashi da hantsi.
Hadari ya taso daga gabas.
Malam ya ta da ɗalibi.

Sa'an nan kowa ya ƙirƙiro jimla huɗu da "tashi", ɗaya a kan kowace ma'ana da muka faɗa. Ka miƙa wa na kusa da kai ya karanta, kai ka yi shiru. In ya gane nufinka ba tare da ya tambaye ka ba, rubutunka ya yi. In bai gane ba, ka ƙara kalmar da ta rage, ka kai wa malam ya duba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.