Jawabin da malamin lakwal ya yi a taron ƙungiya kan awon ƙurajen erfes

Iyayenmu dattawa, Allah ya ƙara girma. Ƴan'uwanmu ƴan ci-rani da kuka dawo daga Kano, Agadas da Libiya, barkanku da zuwa gida.

Muna neman gafarar manya, don maganar yau mai nauyi ce a baki. Mu ba lokotoro ba ne, alli da allo ne aikinmu. Amma abin da muka karanta ba mu da ikon ɓoye shi ga ƴan Matamai.

Kowa ya san ƙurajen nan masu ruwa da ke fesowa a leɓe bayan masassara. Faransawa na ce musu erfes. Ƙwayar cutar iri biyu ce. Ta farko ta fi zama a baki, galibi tun yarinta ake ɗaukarta. Ta biyu a al'aura take fita, ta hanyar kwanciya ake samunta. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum 64 cikin 100 na masu ƙasa da shekara 50 suna ɗauke da ta farko, 13 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna da ta biyu. Yawancinsu ba su sani ba. In ta shiga jiki ba ta fita, sai ta kwanta cikin jijiya, ta tashi lokaci-lokaci.

To, ga inda muke kuskure. Mutum ya ga ƙurji a gabansa, kunya ta rufe shi. Ya sayi kafso a kasuwa, ya fasa ya barbaɗa. Sai gyambon ya bushe sannan ya tafi likita. A lokacin nan mai awo ba ya da abin da zai ɗiba. Kafson ma ba ya taɓa wannan ƙwaya. Kuma ido kaɗai yana ruɗi, don tunjere shi ma gyambo yake yi a wurin, alhali maganinsa dabam ne, allurar fenisilin ce.

Ga hanyoyin awo:

1. Awon ruwan ƙurji. Ana goga ɗan tsinke mai auduga a gindin ƙurjin, a kai ɗakin awo. Na'urar da ake kira PCR tana ninninka ɗan abin da aka ɗebo na ƙwayar har ya yi yawan da za a gane shi, ta kuma faɗi ko iri na farko ne ko na biyu. Wani Ba'amurke, Kary Mullis, ya ƙirƙiro dabarar a 1983. Ita ce mafi tabbas, amma sai manyan ɗakunan awo.

2. Rainon ƙwaya. Ana sa ruwan cikin kwalba a jira kwanaki ƙwayar ta hayayyafa. In ƙurjin ya soma bushewa, sau da yawa ba a ganin kome ko da cutar na nan.

3. Awon Tzanck, da sunan likitan Faransa da ya bayyana shi a 1947. Ana kankaro gindin ƙurjin a duba a madubin likita. Yana da sauri da araha, sai dai ba ya bambanta erfes da ƙarambau.

4. Awon jini. Wannan ba ƙwayar yake nema ba, sawunta yake bi, wato makaman da jiki ya ƙera don yaƙarta. Jiki kan ɗauki har mako 12 kafin su bayyana. Wanda ya yi awo da wuri zai iya jin "babu" alhali akwai. Kuma in an ce "akwai", awon bai faɗi yaushe ko daga wa aka ɗauka ba. Saboda haka kada takardar awo ta zama hujjar sakin mace ko zargin miji. Ƙwayar na iya kwanciya shekaru tun kafin aure.

Abin da muke roƙo uku ne. Na ɗaya, wanda ya ga ƙurji ya je wurin majo cikin kwana biyun farko, tun yana da ruwa, bai shafa kome ba. In abin ya fi ƙarfin likitar gari, akwai asibitin Matamai, akwai babban asibitin Damagaram. Ko ba a samu awon ba, akwai magani mai suna aciclovir da ke rage zafi da kwanakin ciwo, in an soma shi da wuri. Na biyu, a yarda a yi awon tunjere da na sida a tafiya guda, don mai iri na biyu ya fi saurin kamuwa da sida wajen ninki uku. A kuma ƙaurace wa shimfiɗa har gyambo ya warke. Na uku, mai ciki da ta ga ƙurji ta gaya wa ungozomar likita kafin naƙuda, don ƙwayar na iya kama jariri wajen haihuwa, ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ta yi kisa. Mai ƙurji a leɓe ma kada ya sumbaci jinjiri ranar suna.

Dattawa, ku ne ake jin maganarku. In kun ce zuwa likita ba abin kunya ba ne, samari za su tafi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.